Murhun itace mai rimot: me ke jawo hayaƙi, ƙarar rimot da zafi fiye da kima?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ina rubuto muku daga Gusau. Ƙanena da ke zaune a Jamus ya aiko wa mahaifinmu murhun ɗumama ɗaki na ƙarfe, mai ƙofar gilashi, wanda ake sa wa faskare kuma ake sarrafa shi da rimot. An yi amfani da shi a can kafin a aiko. Baba ya manyanta, sanyin hunturu yana wahalar da shi, kullum sai an kai masa kaskon gawayi, shi ya sa muka yi murna da murhun. Mai walda ya haɗa mana bututu ya fitar da shi ta bango. To amma in an hura wuta sai hayaƙi ya dawo ɗaki. Gilashin ya yi baƙi tun a farkon amfani. Rimot ɗin yana ta ƙara, ba mu san me yake so ba. Ko an sa shi a lamba mafi ƙanƙanta, ɗakin sai ya yi zafi har Baba ya ce a buɗe ƙofa. Sannan in an ɗauke lantarki yana cikin ci, me za mu yi? A jikinsa an rubuta 6 kW, littafinsa kuma da Jamusanci yake.

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka muku da alheri kan kula da mahaifi, ya ƙara wa Baba lafiya. Kafin komai: kada a sake hura murhun nan a ɗakin da Baba yake kwana sai an gyara bututun. Hayaƙin da ke dawowa ɗaki ba ƙaramin abu ba ne, za mu zo kansa.

Yawancin damuwarku daga wuri ɗaya ta taso, wato ɗaukar rimot ɗin a matsayin mai kunna wuta da kashe ta. A murhun gida, in uwargida tana son rage wuta sai ta janye itace ɗaya, in tana son ƙari ta iza. Wannan murhun ba a janye masa itace. Da zarar an rufe ƙofarsa, abin da ya rage da za a juya wutar da shi shi ne iska, kuma iskar kaɗai na'urar lantarkin da ke jikin murhun take riƙe da ita. Yawan itacen da aka zuba, da bushewarsa, da ƙarfin jan bututu, duk suna hannunku. In ɗayansu ya ɓaci, ko sau nawa aka danna rimot ba zai gyaru ba. Akwai wani nau'in murhu mai cin ƙananan dunƙulen garin katako, mai rumbu a bayansa da abin da ke tura makamashin da kansa. Shi ne rimot yake kunnawa ya kashe. Naku tunda faskare ake sa masa da hannu, ba wannan ba ne.

Ga abin da ke cikinsa. A ƙasa ko a bayan murhun akwai akwatin iska mai ƙananan ƙofofi biyu ko uku, ƙaramin moto yana buɗe su yana rufewa. Ta farko tana kai iska ƙarƙashin itacen, ita ke tayar da wuta da rura garwashi. Ta biyu tana sauko da iska ta saman gilashi, tana share shi tana kuma ciyar da harshen wutar. Ta uku, in akwai, tana fitowa ta ƙananan huji a bangon baya don ƙone hayaƙin da ke tashi daga itacen. Wannan hayaƙin makamashi ne: fiye da rabin zafin da ke cikin itace a cikinsa yake, amma ba ya kamawa sai cikin murhun ya kai wajen digiri 600 kuma iska ta ishe shi. A wuyan murhun, inda bututu yake hawa, akwai ma'aunin zafin hayaƙi, a wasu irin waɗannan murahun kuma akwai sensar oksijin, irin wadda makanikai suka sani a salansar mota. Ƙwaƙwalwar na'urar tana karanta su biyun ba tsayawa, tana juya ƙofofin iska. Shi kuwa rimot, aikinsa uku ne: ya auna zafin ɗaki, ya kai wa ƙwaƙwalwar zafin da kuke so, ya sanar da ku in lokacin ƙara itace ya yi ko an samu matsala. Galibi babu fanka mai hura wutar. Bututu ne ke jan iska ta ratsa murhun, na'urar tana tantance nawa za ta bari ya shiga.

Shi ya sa bututun shi ne farkon abin dubawa. Hayaƙi mai zafi ya fi iskar waje rashin nauyi, sai ya hau, hawansa ya jawo sabuwar iska daga ƙasa. Ƙarfin wannan ja ya dogara da tsawon bututu a tsaye da kuma tazarar zafi tsakanin cikinsa da waje. Masu ƙera murahun nan sukan nemi ja na kimanin faskal 12 (faskal ma'aunin ƙarfin jan iska ne), kuma sun yi lissafinsu ne da sanyin ƙasashensu, inda waje yake kusa da digiri 0. A Gusau ko a daren da hunturu ya tsananta, da wuya a sauka nesa da digiri 12 zuwa 15. Tun daga nan jan namu ya ragu. In aka ƙara da bututun da ya kwanta ya fita ta bango ya tsaya ƙarƙashin kwano, to kusan babu ja ke nan. In kuma bangon na gabas ne ko na arewa, iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, kai tsaye za ta tura hayaƙin ya koma ɗaki.

Abin da ake so shi ne bututu mai faɗin bakin murhun daidai, yawanci santimita 15, wato inci 6, ba a rage shi a ko'ina. Ya hau tsaye aƙalla mita 4 daga saman murhun, bakinsa ya wuce ƙololuwar rufi da kamar santimita 60, a sa masa hula mai buɗaɗɗen gefe. In dole sai ya bi ta bango, a karkata shi da gwiwa mai digiri 45 a madadin kwantar da shi, a bar ƙofar shara a gwiwar. Ɓangaren da ke waje da wanda ya ratsa silin ko rufi ya zama mai riɓi biyu da abin tare zafi a tsakani, domin bututun da ya huce ba ya ja, kuma in hayaƙi ya sauka ƙasa da kamar digiri 120 sai ya daskare a ciki ya zama baƙar kwalta mai kama wuta. Bututu mai riɓi ɗaya ya nisanci katako, silin na roba da labule da aƙalla ninki uku na faɗinsa, wato santimita 45. Kada a yi shi da kwanon rufi ko wani ƙarfe mai rufin zinki. In ya yi zafi sosai yana fitar da tururi mai cutar da huhu, kuma ba ya daɗewa yake hujewa. A yi da baƙin ƙarfe mai kauri ko wanda ba ya tsatsa.

Ku tambayi mai waldan abu biyu. Ya yi walda a jikin murhun alhali wayoyin na'urar suna haɗe? In ya yi, ana iya samun ƙwaƙwalwar ta taɓu. Sannan sensar oksijin da wayarta suna nan inda aka same su, kuma mahaɗin bututu da wuyan murhu a toshe yake sarai? Wannan na biyun yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. In iskar ɗaki tana satar shiga kusa da sensar, sai ta karanta cewa oksijin ya yi yawa, ƙwaƙwalwar ta rage iskar da take ba wutar, wutar ta shaƙe, gilashi ya yi baƙi. Na'urar tana aikinta daidai, labarin ƙarya ne ake kai mata. Haka ma in igiyar da ke zagaye da bakin ƙofa ta lotsa. Ku gwada ta murhu yana sanyi: ku sa takarda a bakin ƙofar ku rufe, ku ja. In ta zare cikin sauƙi a kowane gefe, igiyar ta gama aiki, a sauya ta da mai kauri irin nata. Murhun da aka yi amfani da shi kuma ya sha doguwar tafiya, wannan na cikin abubuwan da suka fi lalacewa a jikinsa.

Sai iskar ɗakin kanta. Kowane kilo na itace yana cin iska kimanin kubik mita 10 kafin ya ƙone, kuma daga ɗakin yake ɗibarta. Mu kuma al'adarmu a hunturu ita ce toshe tagogi da tsumma da leda, a tare ƙasan ƙofa. Ɗakin da aka toshe haka, bututu ba ya samun abin ja, sai hayaƙi ya nemi hanya ta ƙofar murhu. In akwai fankar zuƙe iska a banɗakin da ke cikin ɗakin, tana ƙara dagula lamarin. Ku duba ƙasan murhun ko bayansa, za ku iya samun baki na haɗa bututun iska daga waje; in akwai, a haɗa shi ya fita ta bango, a sa masa raga. In babu, a bar kafa a buɗe dindindin, ko tagar sama a ɗan buɗe muddin akwai wuta ko garwashi.

Yanzu itace. Littattafan murahun nan sukan nemi faskare mai danshi tsakanin kashi 12 zuwa 18 cikin ɗari, kada ya wuce 20. Ɗanyen itace rabin nauyinsa ruwa ne, zafin da ya kamata ya shiga ɗaki sai ya tafi wajen dafa ruwan, cikin murhu ya kasa kai zafin ƙone hayaƙi. Alamarsa ita ce tsuwa da kumfa a bakin faskaren yana cikin wuta. Akwai ƙaramin ma'aunin danshi mai allura biyu. In kun same shi, ku faskara itacen ku soka a tsakiyar sabon fashin, domin bayan itace yakan bushe cikinsa yana jiƙe. In babu, ku gwara biyu: busasshe yana ba da ƙara mai kaifi, bakinsa a tsattsage yake.

Amma a Zamfara da Kebbi akwai matsalar da littafin ba zai yi maganarta sosai ba, wato itace ya bushe fiye da kima. Faskaren da ya sha iskar hunturu a fili danshinsa yana iya sauka ƙasa da kashi 10. Irin wannan, musamman sirara, yana kamawa gaba ɗaya lokaci guda, ya saki hayaƙi fiye da abin da ƙofofin iska za su iya ciyarwa, sai ga zafi ya yi tsalle, gilashi kuma ya yi baƙi duk da itacen a bushe yake. Maganinsa a zaɓi masu kauri, santimita 8 zuwa 10, a rage yawansu, a ajiye su a rumfa inda iska ba ta dukansu. Ba a yayyafa musu ruwa.

Sannan itatuwanmu sun fi na can nauyi. Ƙirya, marke da bagaruwa sun fi itatuwan da ake ƙonawa a Jamus tauri, faskare biyu na ƙirya suna iya kai nauyin uku na can. Don haka in littafi ya ce a sa guda biyu ko uku, ku bi kilon da ya rubuta, ku bar ƙirga. Ku samu sikelin rataya ku auna sau ɗaya, ido zai riƙe. Aduwa da darbejiya suna ci da kyau. Bishiyar turare ma tana yi in ta bushe sosai. Kuka da tumfafiya ba su da amfani a nan, toka kawai suke bari. Mu dai shawararmu a fi karkata ga sassaben darbejiya da turare, a ƙyale kaɗanya da ɗorawa. Zamfara da Kebbi suna cikin jihohi goma sha ɗaya da ake kafa katangar bishiyoyi don tare hamada, bai kamata ɗumin ɗaki ya ci bishiyar da ke ciyar da gari ba.

Abubuwan da ba sa shiga murhun nan ko kaɗan: kananzir, fetur, leda, guntun silifa, katako mai fenti, ragowar filawud na kafinta, da katakon rufi da aka shafa wa baƙin mai saboda gara. Ban da guba a hayaƙinsu, suna lulluɓe sensar oksijin su kashe ta, kuma samun madadinta a nan aiki ne. Gawayi ma a'a: zafinsa yana taruwa a ƙasa ya lanƙwasa ragar ƙarfe, na'urar kuma da harshen wutar itace aka tsara ta. Ɓuntun shinkafa da garin katako, in aka zuba su a kan garwashi, suna danne shi su tara hayaƙi ya tashi lokaci guda da ƙarfi.

Hura wutar daga sama ake yi, saɓanin yadda aka saba. Ku kunna lantarkin murhun tukuna ku saurara: za ku ji ɗan gurnanin moto yana gwada ƙofofin iska daga rufe zuwa buɗe, ku bar shi ya gama. Ku kwantar da faskare biyu masu tsawon kamar santimita 25 a ƙasa, da tazarar yatsa a tsakaninsu. A kansu ku jera ƙirare shida zuwa goma a gicciye, hawa biyu ko uku. Busasshiyar sabara ko kara suna yi. A can sama ku sa abin kunnawa, ƙullin auduga da aka tsoma a narkakken kyandir ya isa. Duka kada ya wuce kilo 1.5, kuma kada tulin ya rufe hujin bangon baya. Saboda raunin ja a yanayinmu, kafin kunnawa ku murɗa takarda ku kunna ta ku riƙe a can sama kusa da mafitar hayaƙi na rabin minti. In kun ga harshenta ya miƙe yana bin bututu, ja ya fara. Sai ku kunna audugar ku rufe ƙofa. Amfanin wutar sama shi ne tana ɗumama bututu da wuri, hayaƙin da ke tashi daga manyan faskaren kuma dole ya ratsa harshen wuta ya ƙone. A murhu mai sarrafa kansa ba a cika barin ƙofa a buɗe don wuta ta kama ba, domin sensar za ta rikice. In littafinku ya yarda da hakan, minti kaɗan ne, kuma da mutum a tsaye. A mintuna 10 zuwa 20 na farko na'urar za ta buɗe iska sosai ko da rimot yana lamba mafi ƙanƙanta. Haka aka tsara ta, sai murhu ya yi zafi take fara sauraron rimot.

Zubi ɗaya yakan ci minti 45 zuwa awa guda. In harshen wuta ya faɗi, garwashi ya rage ja, rimot zai yi ƙara ko ya nuna alama. Wannan ita ce ƙarar da kuka fi ji, kuma ba umarni ba ce: in ɗaki ya yi ɗumi ku ƙyale ta, na'urar za ta cinye garwashin ta rufe iska da kanta. In kuna son ƙarawa, ku sa safar hannu, ku ɗaga ƙofar santimita ɗaya ko biyu na 'yan daƙiƙoƙi, sannan ku buɗe a hankali, ku baje garwashin, ku ɗora faskare biyu, ku rufe. Cikin minti ɗaya zuwa biyu ya kamata su kama. In sun tsaya suna turnuƙewa babu harshe, an makara, garwashin ya yi rauni. Kada a wangale ƙofar a wannan hali, domin hayaƙin da ya taru yana iya kamawa gaba ɗaya ya watso wuta a fuska. A ɗaga rimot zuwa lamba mafi girma, a ɗan sassauta ƙofar kaɗan a jira harshe ya tashi. Ba a ƙara itace kuma harshen wuta yana tsakiyar ci.

Batun zafin ɗaki lissafi ne mai sauƙi. Kilo ɗaya na busasshen itace yana ɗauke da kusan kilowat 4 na awa guda, murhu irin wannan yana sakar wa ɗaki kamar kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na hakan. Kilo 1.5 a awa ɗaya ya kusa kilowat 5 ke nan. Ɗaki mai mita 4 tsawo da 4 faɗi a Gusau, da bangon bulo da ya wuni yana shan rana, abin da yake buƙata don ya tashi daga sanyin dare zuwa digiri 23 ko 24 bai wuce kilowat 1 zuwa 2 ba. Murhun ya fi ƙarfin ɗakin. Na'urar kuma ba za ta shaƙe wutar ƙasa da wani mataki ba, domin an gina ta ne ta hana itace turnuƙewa. Mafi ƙarancin abin da za ta iya ma ya ishe ɗakin har ya yi yawa. Don haka rage zafi a wajen zubi ake yi. Kilo ɗaya, zubi ɗaya bayan isha'i, in sanyi ya tsananta a sake wani kafin asuba da mutum a farke. A bar ƙofar ɗakin a buɗe zuwa falo zafin ya bazu. In da hali, falo ne ma mazaunin da ya fi dacewa da murhun, ɗumin ya shiga ɗakin Baba ta ƙofa. Abin da bai kamata a gwada ba shi ne cika shi maƙil da itace a sa lamba ƙasa don ya kai asuba. Ba murhun kwana ba ne.

Inda aka ajiye rimot yana canza komai, tunda ma'aunin zafin ɗaki a cikinsa yake. In yana kusa da murhu, ko kan talabijin, ko cikin aljihun Baba, zai ce ɗaki ya yi zafi a rage. In yana bakin taga zai ce a ƙara. Ku ba shi wuri ɗaya, kamar mita 3 daga murhun, daidai ƙirjin mutum, a bangon ciki, inda zafin gilashin ba ya haska shi. Ku lura da lambar zafin da yake nunawa kafin a hura wuta. In ɗakin yana digiri 26 da magariba kuma an saita 22, babu abin da zai nema sai mafi ƙarancin wuta, kuma a gaskiya a irin wannan dare ba a buƙatar murhun. Wasu samfura suna da tsarin rage wuta da dare bisa agogo; ku gyara agogon zuwa lokacinmu, kuma ku sake duba shi duk sa'ad da aka sauya batir.

Sauran ƙarar da zai iya yi: batir ya yi rauni, ko ya rasa hulɗa da murhu saboda nisa ko bango mai rodi, ko hayaƙi ya yi zafi fiye da kima saboda yawan itace, ko wata ƙofar iska ta maƙale, ko sensa ta daina ba da amsa. Kowace tana da alamarta a fuskar rimot ɗin. A bayan murhun akwai farantin da ke ɗauke da sunan kamfani, lambar samfuri, da tazarar da ake buƙata daga abin da ke iya kamawa. Da lambar za ku iya neman littafin na Turanci a shafin kamfanin, ko ku haska shafin alamomin da kyamarar waya ta Google Translate. Ku rubuta ma'anarsu da Hausa ku manna a bango don wanda ke kwana kusa da Baba. Alamar zafi fiye da kima, a daina ƙara itace a bar ƙofa a rufe. Alamar ƙofar iska ko sensa, a bar wutar ta mutu, kada a sake hurawa sai an gano dalili.

Lantarkin Jamus da namu ɗaya ne, bolt 230, don haka kan soket kawai za a sauya. Cin wutarsa bai kai na fankar sama ba. In an ɗauke lantarki yana ci, ƙofofin iska a wasu samfura suna tsayawa inda suke, a wasu suna komawa wani matsayi da aka tanada, wasu kuma suna da hannun juyawa na ko-ta-kwana. Ku nemi wannan shafin a littafin tun yanzu. Ko wanne ne, kada a ƙara itace, kada a yi ta buɗe ƙofa, a buɗe taga, mutum ya zauna har harshen ya mutu. Mafita ta dindindin ita ce a ɗora shi kan inbata ta sola in akwai a gidan, ko a sa masa ƙaramin batirin ajiyar wuta na kwamfuta, wanda zai riƙe shi har zubi ɗaya ya ƙare. A tsare shi kuma da abin kare na'ura daga wuta mai ƙarfi, domin dawowar lantarki da ƙarfi da wutar ƙaramin janareta mai hawa da sauka su ne masu ƙona ƙwaƙwalwa. Babu lantarki, babu hura wuta.

Mu koma ga abin da muka fara da shi. Wutar da ba ta samu isasshiyar iska ba tana fitar da kabon monoksaid, iska marar launi marar wari, wadda jini yake kamawa fiye da oksijin sau sama da 200. Garwashi ma yana fitar da ita bayan hayaƙi ya ɗauke, shi ya sa kaskon gawayi a rufaffen ɗaki yake kashe mutane suna barci. Raba Baba da kaskon nan da kuka yi daidai ne, kada a mayar da shi. Alamominta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, abin da a nan za a ce zazzaɓi ne a ba da magani a ce ya kwanta, a ɗakin da ke cutar da shi. In mutum biyu sun tashi da ciwon kai a ɗaki ɗaya, ko ciwon ya lafa da an fita waje, a fitar da kowa, a buɗe ƙofofi, a tafi asibiti a faɗa musu akwai wuta a ɗakin. Ku sayi ƙararrawar gano wannan iska mai lambar inganci EN 50291, ku kafa ta mita 1 zuwa 3 daga murhun. Rimot ba ya wannan aikin. Katifa, gidan sauro, labule da dardumar salla su nisanci gaban gilashin da aƙalla mita ɗaya, ko abin da farantin ya ce in ya fi haka. In akwai ledar ƙasa ko kafet, a shimfiɗa farantin ƙarfe ko tayil ya fito gaban ƙofar da rabin mita. A sa shinge saboda jikoki da bakin babbar riga. In wata rana kuka ji bututu yana ruri ko ya yi ja, kwaltar ciki ce ta kama: a bar ƙofar murhu a rufe, a fitar da kowa, a kira 'yan kwana-kwana, kada a watsa ruwa cikin murhun.

Kula da shi ba wuya. A bar toka kaurin yatsa a ƙasa tana taimakon garwashi, sauran a kwashe a bokitin ƙarfe mai murfi a ajiye waje, domin rushi yana kwana da rai a cikinta. Gilashi in ya huce, jiƙaƙƙiyar takarda da aka dangwala a toka tana goge shi. In ya fashe ba a maye shi da gilashin taga, nasa na musamman ne mai jure zafi. Allunan da ke lulluɓe cikin murhu, ɗan tsagewa ba komai, sai in sun fara marmashewa. Ƙurar hunturu ce abokiyar gabar akwatin iska: kowane mako biyu a cire soket, a share mashigar da busasshen burushi, kuma kada a ɗiga wa ƙofofin mai, ƙura za ta manne ta daskare su. In sanyi ya wuce a ƙarshen Fabrairu, a share bututu, a kwashe toka duka, a cire soket saboda tsawar damina, a zare batir daga rimot don zafin bazara yana sa shi ya zubar da ruwa ya ci ƙarfen ciki. A toshe bakin bututu da mashigar iska da raga. Kafin hunturu mai zuwa a leƙa su da tocila, domin zanzaro yana gina ɗakinsa na laka daidai a irin waɗannan kafofi, ɓera kuma yana cin wayar sensa. Sannan a sa soket a saurari gwajin ƙofofin iska. In moto ya yi ƙara ya tsaya a rabi, ko bai motsa ba, a kira mai gyaran na'urorin lantarki ya buɗe akwatin kafin a sa ashana.